Kuɓewar kakata ta yi tsawo amma ta ƙi yin fure, ko irin ne ya lalace?

Maman_Sadiya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna shuka kuɓewa a gida ce. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ta rasu bara a wani ƙauye na ƙasar Lere a jihar Kaduna, kuma cikin kayan da aka fitar daga ɗakinta akwai wani ƙullin tsumma da irin kuɓewa a ciki, an cuɗa shi da toka. Wannan kuɓewar muka tashi muna ci duk lokacin da aka kai mu wurinta. Gajera ce mai kauri, yauƙinta kuwa sai an datse shi da bakin ludayi kafin a zuba a kwano. Na roƙi ƙullin aka ba ni, na shuka rami goma sha biyu a jikin katangar gidana a nan Kano ranar 15 ga Yuni, kuma a ranar na shuka irin leda da maigida ya sayo a shagon kayan gona. Na ledar ya fara fure tun ƙarshen Yuli, mun sha miyarsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na kakata kuwa yau kwanansa 80, ya wuce tsayina, ganyensa faffaɗa kore shar, amma ko tohon fure ɗaya ban gani ba. Maigida ya ce a tuge ta a sa alayyafo tunda akwai sauran ruwa. Zuciyata ba ta yarda ba, domin abin da ya rage a ƙullin bai fi ƙwaya ashirin ba. Shin irin ne ya lalace saboda daɗewa, ko kuwa akwai abin da na yi ba daidai ba?

Manomin_Kura:
Wa alaikumus salam. Hajiya, iri idan ya lalace ba ya tsirowa ne, tunda kuwa naki ya tsiro har ya wuce tsayinki, ba a nan matsalar take ba. Abin da na fi zato shi ne taki ya yi mata yawa. Kuɓewa idan ta samu kashin kaji ko takin yuriya fiye da kima, sai ta shagala da yin ganye ta manta da 'ya'ya. Ki daina zuba mata komai, ki karye kan kowane kara domin ta yi rassa. Amma in faɗa miki gaskiya a matsayina na mai noman sayarwa, kuɓewar da ta kai kwana 80 ba ta ba ni ko kwando ɗaya ba, ba za ta sake kwana a gonata ba.

Dattijon_Saminaka:
'Yata, kada ki bari a taɓa wannan kuɓewar. Daga yadda kika siffanta ta, da kuma inda ta fito, na san ta. Mu nan muna da kuɓewa kala biyu tun zamanin iyayenmu. Akwai ta damina, wadda ake shukawa da ruwan fari a ci ɗanyarta kafin sabon hatsi ya shigo, akwai kuma wannan doguwar da ake sawa a gefen danga ko kusa da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ita ba ta gaggawa. Za ta yi ta tsawo damina duka, sai ruwa ya fara ja da baya, raɓa ta fara sauka, sannan ta ɓarke da fure, kuma daga nan za ta yi ta ba ki har cikin hunturu, lokacin da ɗanyar kuɓewa ta yi wuya a kasuwa. Mahaifiyata takan lanƙwaso karan da ƙugiya kafin ta tsinka, saboda hannu ba ya kaiwa. Ki ba ta nan da tsakiyar Oktoba.

Malamin_Gona:
Bayanin Baba ya yi daidai da abin da ke cikin ilimin tsirrai, kuma zan ɗan faɗaɗa shi. Abin da muke kira kuɓewa a Afirka ta Yamma jinsi biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko shi ne wanda aka sani a duniya duka, daga Indiya zuwa Amurka, masana suna kiransa Abelmoschus esculentus, kuma kusan duk irin leda daga cikinsa yake. Na biyu, Abelmoschus caillei, namu ne na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, an fi samunsa a wuraren da ruwan sama ke da yawa, kuma ƙasar Lere ta fi Kano ruwa nesa ba kusa ba. Wannan na biyun yana auna tsawon dare ne kafin ya yi fure. A Kano yinin watan Yuni yakan kusa awa 13, daga nan yana raguwa a hankali har ya sauko wajen awa 12 a ƙarshen Satumba, ya ci gaba da gajarta zuwa Disamba. Muddin daren bai kai tsawon da take buƙata ba, za ta yi ta ganye ne ko da ba a zuba mata taki ko cokali ɗaya ba. Dawar kaura da farafara ma haka suke, shi ya sa ko an shuka su da wuri ba sa fitar da kai sai lokacinsu ya yi.

Idan tohon ya fito akwai hanyar ganewa. Ki duba 'yan ganyayyakin da suka rungume gindin furen. A kuɓewar da aka saba gani sirara ne kamar allura, a ta biyun kuwa faffaɗa ne kamar farcen yaro. Sai kuma tambaya ɗaya, Hajiya: akwai fitilar da ke kwana a kunne kusa da katangar nan?

Maman_Sadiya:
Allah ya saka da alheri, Baba, hankalina ya kwanta. Malam, akwai fitilar sola a kusurwar katangar, tana kunna kanta da magariba ta mutu da asuba, kuma haskenta yana sauka sosai a kan huɗu daga cikinsu. Game da taki kuma, takin awaki na zuba kafin shuka, kwano biyu a kowane rami, ban ƙara komai ba tun daga lokacin.

Malamin_Gona:
Takin da kika ambata bai yi yawa ba. Fitilar ce abin dubawa, domin tsiron da ke jiran dogon dare idan haske ya katse masa duhu, sai ya ɗauka har yanzu damina ce. Kakarki ba ta gamu da wannan a ƙauye ba. Idan zai yiwu a juya fitilar ta fuskanci wani gefe, a yi hakan tun yau.

Hajiyar_Maraɗi:
Sallama gare ku. Mu nan guro muke ce mata, kuma abin da ya sa ban rabu da irin gidanmu ba shi ne shanya. Ɗanyar kuɓewa ta wata uku ce ko huɗu, busasshiya kuwa ita ke riƙe tukunya sauran shekara. Na gwada irin leda shekara biyu a jere, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana zuba 'ya'ya dogaye masu kyan gani. Amma da na yanka na shanya na daka, garin bai kama miya ba, sai na zuba ninki biyu na abin da na saba kafin muburgi ya ji nauyi. Irinmu gajere ne, yana da gashi, yana sa ƙaiƙayi a hannu, amma ludayi ɗaya na garinsa ya ishi gidan mutum goma. Masu bincike ma da suka tashi fitar da iri a tashar cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, cikin na manoma suka zaɓa, har ɗaya yana ɗauke da sunan Ƙonni. Saboda haka ni ban ɗauki irin gado a matsayin abin tunawa da tsofaffi kawai ba, abinci ne.

Uwar_Biyu:
Hajiya, ina neman afuwa, amma ina ganin shanyar ce ke rage yauƙi, ba irin ba. Idan aka baza ta a kan kwanon rufi cikin tsakiyar rana, zafin ƙarfen yakan dafa ta, ta yi baƙi, ƙamshin ya tafi. Ni a kan tabarma nake shanyawa a inda iska ke ratsawa, in kwashe kafin raɓa, kuma ba na dakawa sai ranar da zan yi miya. Da irin leda nake yi, kuma ban taɓa rasa yauƙi ba.

Hajiyar_Maraɗi:
'Yar uwa, duka biyun a tabarma ɗaya na shanya su, rana ɗaya, wuƙa ɗaya. Da bambancin daga shanya yake da ban kawo maganar ba. Abin da zan yarda da ke a kai shi ne, irin leda ma kala-kala ne, wataƙila naki ya fi wanda na samu.

Bahaushe_a_Atlanta:
Ina so in gyara wani abu da nake jin yana shiga cikin maganar, wato ɗaukar duk irin da ke cikin leda a matsayin sabon abu. Wanda ake yawan sayarwa a shagunan Nijeriya da Nijar, mai suna Clemson Spineless, jami'ar Clemson da ke jihar Karolina ta Kudu ce ta fitar da shi a 1939, wato ya girmi yawancinmu a nan. Ba iri mai aure ba ne, idan ka ajiye 'ya'yansa za su fito kamar uwarsu, kuma a nan Amurka cikin jerin irin gado ake lissafa shi. An zaɓe shi ne saboda ba shi da ƙayoyin da ke sa ƙaiƙayi. Yawancin masu cinta a nan soya ta suke yi ko su tsuma ta a ruwan tsami, da yawansu ma gudun yauƙi suke, don haka ba abin mamaki ba ne idan bai gamsar da Hajiya a miyar busasshiya ba. Wanda ba a ajiye 'ya'yansa shi ne wanda aka rubuta F1 a jikin ledarsa, domin zuriyarsa takan fito a warwatse, wani dogo wani gajere.

Abin da ya taɓa ni da na zo ƙasar nan shi ne, kuɓewar kanta daga Afirka ta tsallako a zamanin cinikin bayi, har sunan miyar nan ta Luwiziyana da ake kira gumbo daga sunan kuɓewa ne a harsunan Angola. Akwai iyalai a kudancin ƙasar da ke riƙe da irin kakanninsu, suna musayarsa ta gidan waya, kowane da sunansa da tarihinsa a rubuce. Mu da abin ya fito daga wajenmu, sai tsohuwa ta rasu a share ɗakinta a zubar da ƙullin. Hajiya Maman Sadiya, kin yi abin da da yawanmu ba mu yi ba.

Manomin_Kura:
Na karɓi gyara a kan taki, tunda kwano biyu na takin awaki ba wani abu ba ne. Amma a bar ni in kare irin zamani, domin na ga ana neman a mayar da shi abin zargi. Mai lambu a Kura ko Kadawa yana sayen fetur na ban ruwa, yana biyan 'yan ƙwadago, kuma dillalin kasuwar 'Yankaba ba ya tambayar tarihin kuɓewa, kyan ido da cikar kwando yake dubawa. Irin da zai fara ba ka a kwana 50 shi ne ke biyan bashi. Kuma ba gaskiya ba ne cewa duk irin gida mai jinkiri ne ko mai albarka ne. 'Yar Balla irin gida ce, tana zuwa da wuri, mun daɗe muna nomanta. Akwai kuma irin gidan da na karɓa hannun wani abokina, rabinsa bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma ganyensa ya nannaɗe tun yana ƙarami. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan, mai reshe a Bagauda, ba don wasa ta fitar da irinta ba. Wanda ke da rami goma sha biyu a tsakar gida yana iya jira, mai kadada ɗaya ba zai iya ba.

Dattijon_Saminaka:
Malam, babu wanda ya ce ka shuka kadada da ita. Ko a da ba a kai ta gona mai nisa, ta mata ce, a kusa da madafa take. Kai kana noma don kwando, ita tana shuka don tukunya, kuma tambayarta a kan tukunya take.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Ina gaida iyaye da yayye. A nan Kumasi damina biyu muke da ita, kuma kuɓewa mai jinkirin nan sananniya ce a ƙauyukan da ke kewaye da mu, tana kaiwa mita uku ko fiye, har wasu kan sare ta bayan ta gama ta sake tohowa. Mai saurin da ta fi yawa a kasuwa ana ce mata Asontem. Mahaifiyata tana shuka duka biyun a bayan shagonta, ta ce ɗaya ta yau ce, ɗaya ta gobe. Abin da nake so in sani shi ne, tunda Hajiya ta shuka biyun a tsakar gida ɗaya, ba za su yi barbara irin kakar ya ɓace ba?

Abu_Hafsat:
Wannan tambayar ita ce ta fi damuna, domin ni abin ya faru da ni. Ina da wata jar kuɓewa da na samo wurin gwaggona a Gumel, karanta ja, 'ya'yanta ja, na riƙe ta shekara huɗu. A shekara ta biyar maƙwabcina ya shuka koriya a kangon da ke jikin gidana. Irin da na ajiye a wannan shekarar, da na shuka shi, wasu suka fito ja, wasu kore da ratsin ja, kuma a shekarar da ta biyo baya ma sai abin ya ƙara rikicewa. Gwaggon ta riga ta rasu, 'ya'yanta ba su ajiye ba. Har yau idan na ga jar kuɓewa a kasuwa sai na tsaya na duba ko ita ce.

Malamin_Gona:
Allah ya mayar maka da alheri, Abu Hafsat. Furen kuɓewa yana da namiji da mace a cikinsa, yana buɗewa da safe ya rufe a ranar, kuma mafi yawan lokaci da garin jikinsa yake ɗaukar ciki. Amma ƙudan zuma yana son sa ƙwarai, kuma shi ke ɗauko garin wata ya kai wa wata. Masu noman iri na sayarwa sukan raba gonaki da ɗaruruwan mitoci saboda haka, abin da ba zai yiwu a cikin gari ba. Dabarar mai tsakar gida ita ce rufe fure. Da yamma ka nemi tohon da ya kumbura ya fara nuna rawaya, wanda ka san gobe zai buɗe, ka rufe shi da ɗan yankin gidan sauro ko ambulan na takarda ka ɗaure bakin. Bayan kwana biyu ka cire, ka ɗaura jan zare a gindin ɗan da ya fito, kowa a gidan ya san wannan na iri ne, ba na miya ba. Kada a yi amfani da leda, domin zafi zai dafa furen.

Ga Hajiya kuma haɗarin bai kai haka ba idan har kuɓewarta jinsi na biyun ce. Jinsunan biyu ba sa haɗuwa cikin sauƙi, idan ma sun haɗu, abin da suka haifa ba ya yin iri mai kirki. Kuma kafin ta kakar ta fara fure, ta ledar ta kusa gajiya. Ni da zan ba da shawara, da zarar tohon farko ya bayyana sai a tuge ta ledar a huta da zullumi.

Inna_Ta_Gusau:
Ni maganar ajiya zan yi, domin a nan ne mutane ke asarar iri. Kuskuren da na fi gani shi ne a ci kuɓewa har ta tsufa, sai 'yan ƙananan da suka rage a ƙarshe, waɗanda suka ɓuya a cikin ganye, su za a bari su bushe a ce iri ne. Wanda ya yi haka shekara biyar, da hannunsa ya lalata irinsa. Tun farko za ki zaɓi karan da suka fi lafiya, ki bar musu 'ya'ya biyu ko uku daga na farko-farko, kuma kada ki ɗauka daga kara ɗaya tak, ki ɗiba daga yawancinsu. Ki sani karan da aka bar wa ɗa ya ƙosa yakan rage sabon fure, wannan kuwa dole ne a haƙura da shi. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ƙwanson zai bushe ya fara tsagewa, idan kika girgiza kika ji ƙara kamar caki, sai ki yanke kafin ya zubar. Ƙwanso ɗaya mai kyau yakan ba da ƙwaya hamsin ko fiye.

Iyayenmu sukan rataye su a saman murhu hayaƙi ya kore ƙwari, ko su ɓare su cuɗa da toka a zuba a gora a toshe bakin. Ni yanzu kwalba nake sawa, amma tokar ba ta fita ba, kuma ba na rufewa sai na ƙara shanya ƙwayar mako guda a inuwa. Kada iri ya wuce shekara biyu ba a shuka shi ba, zafin ɗakunanmu na kwano yana kashe shi.

Maman_Sadiya:
Inna, na gode, na kwafe wannan a littafina. Wata matsalar kuma ita ce, ganyen ta ledar duk ya zama rariya, wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ne ke huda shi, kuma sun fara hawa ta kakata, ko da yake ba su yi mata ɓarna sosai ba. Ba na son fesa maganin kanti saboda yara da kaji.

Abu_Hafsat:
Ki samu 'ya'yan darbejiya busassu kamar cikin gwangwanin madara uku, ki daka, ki jiƙa a bokitin ruwa ya kwana, ki tace da tsumma, ki ɗan saka sabulu ki yayyafa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk mako. Toka da sassafe lokacin da ganyen ke da raɓa ita ma tana rage su. Kada ki raina su, domin ban da huda ganye suna ɗaukar cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare daga wannan kara zuwa wancan.

Manomin_Kura:
Darbejiya tana aiki idan an fara da wuri. Abin da ba ta magani shi ne ciwon saiwa. Idan kin tuge ta ledar ki duba saiwarta, in kin ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, to akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, kuma baɗi kada ki maimaita kuɓewa ko tumatir a wannan wurin. Wannan shi ne ciwon masu shuka a tsakar gida, domin wuri ɗaya suke da shi. Mafita ita ce buhu: a cika tsohon buhun hatsi da sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huda gindinsa, a sa ƙwaya uku a zurfin gaɓar yatsa, idan sun tsiro a bar ɗaya. A jiƙa irin ya kwana a ruwa kafin shuka saboda taurin bayansa, kuma a shuka shi inda zai zauna, domin kuɓewa ba ta son dashe.

Ɗan_Mai_Wurno:
Gaisuwa daga bakin Shuɗin Nilu a Sudan. A nan ɗanya bamiya ce, busasshiya kuma weka, kuma da wuya ka shiga gidan da babu garin weka. Na ji daɗin maganar Hajiyar Maraɗi, domin mu ma wadda ake nema don shanya ƙarama ce mai gashi, ba doguwar da ake kai wa kasuwar birni ba. Tsofaffinmu suna cewa akwai irin da kakanninsu suka taho da shi daga ƙasar Hausa a kan hanyar Makka, kuma har yanzu wasu gidaje suna bambanta shi da na mutanen ƙasa.

Maman_Sadiya:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari, yau 9 ga Oktoba. Alhamdu lillahi, takwas daga cikin goma sha biyun sun fitar da toho tun makon jiya, kuma da safiyar yau fure uku suka buɗe, rawaya da jan ciki. Na duba gindinsu kamar yadda Malam ya ce, ganyayyakin faffaɗa ne. Huɗun da ke kusa da fitila har yanzu shiru, ko da yake an juya ta tun farkon Satumba, sai dai hasken gidan maƙwabta yana ɗan taɓa su. Na tuge ta ledar, saiwarta lafiya lau. Yanzu ruwan sama ya ɗauke a Kano, ina ba su bokiti biyu kowace yamma. Abin da ke gabana shi ne, 'yan uwana uku sun ji labari kowa yana son iri, yara kuma suna son miya, ni kuwa ban san nawa zan bari nawa zan tsinka ba.

Dattijon_Saminaka:
Masha Allah, Allah ya jiƙan mai irin. Bana ba shekarar miya ba ce, 'yata. Ki bar na farko duka su ƙosa, ki cika kwalba, ki aika wani kaso can ƙauyen a shuka a ƙasar da ta saba da ita, domin idan Kano ta ƙi ta wata shekara a samu inda za a koma.

Inna_Ta_Gusau:
Da girmamawa, Baba, idan ta bar duka karan zai tsaya da fure da wuri, kuma sanyin Kano ya fi na wajenku kaifi, ga ƙasar ta fi saurin bushewa. 'Ya'ya uku a kan kowane kara takwas sun ba ta ashirin da huɗu, ƙwaya fiye da dubu ke nan, ta ishe ta da 'yan uwanta har da ƙauyen. Sauran ta tsinka duk bayan kwana biyu tun suna da taushi, wanda bakinsa ke karyewa da yatsa. Yaran nan ma ya kamata su ɗanɗana, su san abin da ake wahala a kansa.

Manomin_Kura:
Na yi kuskure da na ce taki ne, kuma na ji daɗi da ba a tuge ba. Amma a lissafa: kwana 116 kafin furen farko, ga ban ruwa na wata biyu ko uku a gaba, a garin da ake sayen ruwa a kura. Baɗi ki shuka ta a tsakiyar Yuli, tunda lokacin furenta ba zai canza ba, kin rage wahalar wata guda, kuma ba za ta yi tsawon da zai fi ƙarfin hannunki ba.

Malamin_Gona:
Shawarar tana da ma'ana, sai dai karan da bai samu damina cikakkiya ba saiwarsa ba ta nisa, kuma nisan saiwar ne ke riƙe ta cikin hunturu. Tunda irin zai wadata, a raba shi biyu baɗi, rabi a Yuni rabi a Yuli, a ƙirga abin da kowane ya bayar. Huɗun da ba su yi toho ba kuma kada a ɗauki iri daga gare su bana, har sai an san ko hasken ne ya hana su ko kuwa halinsu ne.

Abu_Hafsat:
Hajiya, idan Allah ya kai mu Disamba kuma kwalbar ta cika, a sa ni cikin masu roƙon ƙwaya goma. Kuma duk wanda ke wajen Gumel ko Maigatari ya ga wata jar kuɓewa gajera mai jan kara a wani gida, don Allah ya tambayar mini masu ita.